Yadda ake noma wa barewa abinci a Amurka ba tare da an huɗe ƙasa ba

Ranar da wani dattijo maƙwabcina a kudancin jihar Mizuri ya ce in zo in taya shi aikin gonar barewa, na ɗauka shinge za mu ja don kare amfani daga dabbobin dawa. Ashe gonar ma ta barewar ce. Shi zai sayi iri, ya sayi taki, ya sha rana, su kuma su fito da magariba su ci abinsu. Wanda ya tashi yana jifan awaki a gonar wake sai ya ɗan jima kafin wannan magana ta zauna masa.

Barewar da ake nufi ita ce mai farar wutsiya, wadda ta cika dazuzzukan gabashi da tsakiyar Amurka. Suna kawai muka ara mata, ba irin tamu ba ce. Namiji ne kaɗai ke da ƙaho, mai rassa kamar itace, kuma duk hunturu sai ya zube wani ya sake tsirowa. Wajajen 1900 farauta ba ƙa'ida ta kusa ƙarar da ita, har ta koma ƙasa da rabin miliyan. Yau ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. Maharba da masu daji kan ware ɗan fili, rabin eka zuwa eka biyar, su shuka abin da zai ƙosar da mata masu shayarwa da maza masu fid da ƙaho, ya kuma jawo su kusa idan lokacin farauta ya buɗe.

Yawancin waɗannan filaye ƙasa ce wadda manomi ya raina: gangaren tudu, tsohuwar hanyar masu yankan katako, wani ɗan sarari cikin kurmi. A yankinmu na tsaunukan Ozak tsakuwa ta fi ƙasa yawa. Ka sa haro a irin wannan wuri, ka jawo wa kanka abu huɗu lokaci guda. Laimar da ke ciki ta tsere, iska ta shiga ta cinye ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ya taru, irin ciyawar da ya kwanta shekaru a ƙasa ya samu haske ya tashi, sannan ruwan farko ya wanke fuskar gonar zuwa kwari. Abin da zai rage maka sabon girbin duwatsu ne. Shi ya sa mutane da yawa suka jingine haro. Dabarar ba sabuwa ba ce: tun 1962 wani manomi a jihar Kentaki, Harry Young, ya shuka masara ba huɗa. A fagen gonar barewa kuwa, masanin dabbobin dawa Grant Woods, wanda gonarsa ke kusa da garin Branson a nan Mizuri, ya yi suna wajen yaɗa ta. Ya kira ta tsarin ɓauna, don ɓaunayen Amurka na da can haka suke yi wa makiyaya: su ci na ci, su tattake sauran ya kwanta ya rufe ƙasa, su zubar da kashi, su wuce.

Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanya ce ta yin abu ɗaya: kada ƙasarka ta taɓa kwana tsirara, kuma kada ta rasa saiwa mai rai a cikinta.

Zaɓen wuri

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Nemi inda rana ke sauka aƙalla awa biyar ko shida, inda ruwa ba ya kwanciya, kusa da duhuwar da barewa ke fakewa, don ba ta son ratsa fili da rana tsaka. Tun kafin ka sayi iri, duba dokar jiharka. A jihohi da dama an hana zuba masara ko gishiri don jan barewa, musamman saboda wata cuta mai rame su da aka fara ganowa a Kolorado a 1967, amma shuka abu ya tsiro a tsaye hukuncinsa daban ne.

Gwajin ƙasa, kafin komai

Ɗauki bokitin roba mai tsabta da shebur. Ka zagaya filin a karkace, ka ɗebi ƙasa a wurare goma zuwa goma sha biyar, zurfin santimita 10 kowanne, bayan ka share ganyen sama. Cakuɗa su, bari su sha iska, ka cika kofi biyu a leda ka kai ofishin malaman gona na gundumarku, su aika ɗakin gwaji na jami'ar jihar. Kuɗin bai kai na buhun taki ɗaya ba. Ka rubuta abin da kake son shukawa, don shawarar da za a ba ka ta dogara da shi.

Abu na farko da za ka duba a takardar shi ne tsamin ƙasa, ma'aunin pH. Ana son 6 zuwa 7; lambar tana yin ƙasa, tsami yana ƙaruwa. Ƙasar daji sau da yawa tana zaune a 5 ko ƙasa da haka, kuma tazarar ba ƙarama ba ce, don kowane mataki ɗaya ninki goma ne na tsami. A ƙasa mai tsami, rabin kuɗin takinka aikin baban giwa ne, saboda sinadarin fosfaras na cikin takin yana ɗaurewa saiwa ba ta iya jan sa. Magani garin farar ƙasa ne, sau da yawa tan 1 zuwa 2 a eka. To ga inda masu gaggawa ke karaya: tunda ba za ka juya ƙasa ba, a sama za ka watsa shi, kuma a hankali yake nutsewa, 'yan santimita kaɗan a shekara. Don haka shi ne aikin farko, watanni kafin shuka. Idan an ce kana buƙatar tan 4, kada ka jibga shi gaba ɗaya, raba shi shekara biyu. In mota ba ta shiga filin, akwai na ƙwaya-ƙwaya a buhu wanda ake watsawa da ƙaramin inji. Ya fi tsada, amma ya fi sauƙin ɗauka.

Akwai gwaji biyu da ba sa buƙatar ɗakin bincike, kuma ni na fi yarda da su wajen gane ko ana ci gaba. Na ɗaya, ka yanko ƙasa da shebur ka ƙirga tana. Na biyu, ka samo bututu mai faɗin santimita 15, ka buga shi cikin ƙasa, ka zuba ruwa mililita 444, daidai da ruwan sama santimita 2.5, ka duba agogo har ya shanye. Rubuta sakamakon da kwanan wata. Rannan da muka fara, tana biyu muka samu a sara uku, ruwan kuwa har muka gaji da tsayuwa muka zauna.

Kashe abin da ke wurin, a bar gawarsa

Sabon fili yana cike da ciyawa mai daɗaɗɗiyar saiwa, wadda yanka ba ya kashewa. A shekarar farko kusan kowa yana amfani da maganin feshi na gilaifoset. A fesa lokacin da ciyawa take kore shar tana girma, ba lokacin da fari ya sa ta lanƙwashe ba, don ta ganye maganin ke shiga. A bi abin da aka rubuta a jikin galan, a sa safar hannu, a guji ranar iska. Bayan mako biyu zuwa uku a koma a sake fesa inda ya tsira.

Sai babbar jarabawa ga irina: kada a share, kada a ƙone. Hannuna da ya saba da sassabe sai ƙaiƙayi yake in tara busasshiyar ciyawar nan in cinna mata ashana. Dattijon ya ce mini, "Ɗana, wannan da kake gani datti, shi ne bargon irin." Ita ce za ta riƙe raɓa, ta kare iri daga tsuntsaye, ta hana ɗigon ruwan sama dukan ƙasa kai tsaye.

Shukar farko ta gyaran ƙasa

In ka fara a watan Mayu ko Yuni kuma ƙasar matacciya ce, kada ka ɓata waken soya a kanta. Shuka bokwit, wani tsiro mai faɗin ganye da farin fure, kilo 23 a eka. Yana jure ƙasa mara ƙarfi, yana tashi da sauri ya inuwantar da ciyawa, cikin mako biyar zuwa shida ya yi fure, kuma kararsa mai ruwa ce, da an taka ta karye. Aikinsa ya zama shimfiɗar shukar kaka.

A jihohin kudu masu zafi, da yawa kan haɗa shi da wake, dawa da gero. Na yi dariya ranar da na ga buhun wake a shagon kayan farauta. Wakenmu ne sak, wanda ya tsallaka teku daga Afirka ta Yamma zamanin cinikin bayi, ga shi yanzu ana shuka wa barewa harawa. Dawa da gero kuwa saboda kara ake sa su, su ba wake abin hawa, su bar tattaka mai yawa.

Shukar kaka: iri tukuna, sannan a kwantar da kara

A nan ne gonar ke yi ko ta lalace, don haka bari in tsaya sosai.

Lokaci. Nemi ranar da raɓa ke fara daskarewa a yankinka, ka ƙirgo baya kwana 45 zuwa 60. A arewa hakan na faɗawa watan Agusta, a tsakiya farkon Satumba, a kudu har Oktoba. Dangin kabeji, wato tanip da radish, sun fi son a ba su kwana 60 ko fiye don su yi gindi.

Iri. Ginshiƙin haɗin shi ne hatsin rayi, wani ɗan'uwan alkama mai taurin rai. Yana tsirowa ko da sanyi ya kusa kai ruwa ga daskarewa, yana jure tsami, yana zama kore duk hunturu, saiwarsa kuma kamar gashi take cika ƙasa. In shi kaɗai za a yafa, kilo 45 a eka. A haɗi kuwa ga abin da muke yi a eka ɗaya: rayi kilo 25, hatsin ots kilo 12, jar kuloba kilo 4, farar kuloba kilo 1, tanip da radish kilo 1 a haɗe. Kada ka zarce a kan tanip. Irinsa ƙanana ne kamar na lalo, sai ka ga kamar ba ka zuba komai ba, ka ƙara, daga baya su cunkushe su ƙi girma, ganye ya yi rawaya. Kuloba kuma dangin wake ce, tana jawo sinadarin taki na naitirojin daga iska, amma sai da ƙwayoyin rizobiya a saiwarta. Ka sayi irin da aka riga aka shafa wa, ko ka sayi garin daban, wanda ya dace da ita, ka ajiye shi a inuwa, ka cakuɗa ranar shuka.

Yadda ake yi. In kana da halin injin shuka mara huɗa, wanda ke tsaga ƙasa da faifai ya sa iri ya rufe, shi ya fi. Ba sai ka saya ba, ofisoshin kula da ƙasa da ruwa na gundumomi da yawa suna ba da haya a kan kuɗin eka. Manyan iri su shiga santimita 2 zuwa 3, kuloba da tanip kuwa rabin santimita ya ishe su. In babu inji, yafi za ka yi, kuma ga jerin da ba a sauyawa:

Na farko, shiga cikin bokwit ɗin yana tsaye, da jakar yafi mai hannun juyawa a ƙirjinka. Yafa manyan iri daban, ƙanana daban, don in ka haɗa su ƙananan za su gangara ƙasan jaka su ƙare a kunya biyun farko. Raba kowane iri gida biyu, ka bi gabas da yamma da rabi, kudu da arewa da sauran. Yi wannan bayan raɓa ta bushe, in ba haka ba iri zai manne a ganye.

Na biyu, watsa takin da takardar gwaji ta ce.

Na uku, kwantar da karan a kan irin. Ana yi da ganga mai nauyi da babur mai ƙafa huɗu ke ja, ko da injin yankan ciyawa. In yanka za ka yi, ka tabbata ciyawar ta bazu ko'ina, kada ta taru tsibi-tsibi ta shaƙe tsiro.

Na huɗu, in akwai ciyawa kore a ƙarƙashi, fesa magani nan take, a ranar, kafin iri ya fasa. Gilaifoset ba ya taɓa irin da bai tsiro ba, amma in ka jira kwana huɗu ruwa ya sauka, abin da ka shuka za ka kashe.

Ruwa. Yafi ba binne ba ne. Irin da aka binne zai iya jiran ruwa cikin rufin asiri; wanda ke kwance a sama abincin kowa ne. Shekarata ta farko na ƙagu, na yafa ƙarshen Agusta sama tas ba gajimare, a ɓangaren da shimfiɗar ta yi sirara. Kyamarar da muka ɗaure a itace ta nuna mini inda kuɗina ya tafi: garken talotalon daji, kullum da safe, suna tsince rayi kamar an gayyace su walima. Abin da ya rage kuma yayyafi ya tsirar da shi, rana ta ƙone. Tun daga nan ba na buɗe buhu sai hasashen yanayi ya nuna ruwa mai ƙarfi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ina ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan adadin da ake sa wa inji. In duk da haka wani wuri ya yi sanƙo, ba a rasa mafita: a sake yafa rayi zalla bayan mako uku, zai cike gurbin.

Kejin shaida

Ranar da ka shuka, yanko wayar shinge ka naɗe ta zagaye, faɗin mita ɗaya, tsayin ƙirji, ka kafe ta da ƙarfe a tsakiyar gona. Bayan wata biyu ka je ka duba. In cikin keji ya kai gwiwa waje kuma kamar an aske, ƙasarka lafiya lau, baki ne suka yi yawa, sai a faɗaɗa fili ko a rage yawan matan barewa a lokacin farauta gwargwadon izinin hukuma. In ciki da waje duk a tsugune suke, koma kan takardar gwaji. Ba don kejin nan ba, da mutane da yawa sun ta zuba taki a kan matsalar da ba ta taki ba ce.

Watan Mayu: murƙushe rayi

Da sanyi ya sake, rayi zai harba sama har ya kai tsayin mutum. Barewa ta daina cin sa a lokacin, kuloba take bi a ƙarƙashi, sai wasu su ga kamar ya zama banza su yanke shi da wuri. Kuskure ne. Wannan karan shi ne takin bana da maganin ciyawar bana, don har wani sinadari yake fitarwa mai danne tsirowar ƙananan irin ciyawa.

Kayan aikinsa ganga ce mai layukan ƙarfe marasa kaifi a jiki, wadda Jeff Moyer na cibiyar binciken noma ta Rodale a Fensilbaniya ya inganta ya yaɗa. Ba ta yanka, tana karya kara ne a wurare da yawa yadda ruwa ba zai ƙara hawa ba. Amma sai an dace da lokaci: rayi ya fid da kai gaba ɗaya, garin fure mai rawaya yana zuba in ka girgiza shi. Mun taɓa bi da ganga yana da ciki bai gama fitarwa ba. Muka tafi gida muna murna gona ta kwanta kamar tabarma, bayan mako guda muka tarar ya miƙe tsaf yana kallonmu. In kuma ka makara har ƙwaya ta nuna, ka shuka shi ke nan a cikin waken da zai biyo bayansa. Wanda ba shi da gangar, a ƙaramin fili katako mai ƙarfe a ƙasa da igiya biyu ya isa, ana takawa da ƙafa taki bayan taki. Gwiwa ce kawai za ta gaya maka washegari.

Kafin ganga ko inji ya shiga, ka ratsa filin da ƙafa. Ƙarshen Mayu da Yuni ne barewa ke haihuwa, kuma ɗan da bai yi mako ba ba ya gudu, lafewa yake cikin dogon kara. Talotalo ma a nan take ƙwai.

Jerin aikin dai irin na kaka ne, iri tukuna sannan murƙushewa. Waken soya, kilo 27 zuwa 35 a eka, bayan ƙasa ta ɗumama ta kai wajen digiri 15 a ma'aunin Salshiyas. Babban iri kamar soya ya fi son inji, don a yafi ba ya samun ƙasa sosai. Dalilin da ya sa dangin wake ke biyo rayi shi ne, ƙwayoyin da ke ruɓar da busasshen kara suna aron naitirojin daga ƙasa, sai masara ko dawa su yi rawaya, wake kuwa da guzurinsa yake tafe. A fili ƙasa da eka biyu inda barewa ta yi yawa, ni ba na ba da shawarar soya ko kaɗan, tun yana ganye biyu za su gama da shi. Gara wake da bokwit, ko a bar farar kuloba ta mamaye wurin, a riƙa yanke mata kai sau biyu ko uku a shekara.

Abin da kan ɓata aiki daga baya

Shimfiɗa mai kauri gida ce ga ɓeraye da katantanwa mara ƙoƙo, musamman a shekara mai yawan ruwa, don haka ka riƙa ɗaga kara kana leƙawa a makonni biyun farko. Tsutsar soja kan afka wa sabon tsiron hatsi a jihohin kudu cikin Satumba, dare biyu ta share eka. Jinkirta shuka har sanyi ya fara shiga yana rage ta. Kada ka shiga da tarakta ƙasa tana jiƙe, sawun taya ɗaya kan daɗe shekaru, kuma ba ka da haro da za ka gyara shi. Tanip da radish kuma kada su wuce shekara biyu a jere a wuri ɗaya, cuta na taruwa.

A sake gwajin ƙasa duk shekara biyu ko uku, a wata ɗaya da na farko, a zurfi ɗaya, in ba haka ba alƙaluman ba za su kwatantu ba. A shekararmu ta huɗu na kafa bututun nan a daidai inda muka fara, na zuba ruwa, na sunkuya in ɗauko littafi daga jaka. Kafin in ɗago ya shanye. Da na sara shebur, saman ƙasar ya yi baƙi kamar kaurin yatsa biyu, yana warwatsewa dunƙule-dunƙule kamar dambu, tana tara suna mulmulawa a ciki. Tsamin kuwa ya ragu, ma'aunin pH ya tashi daga 5.2 zuwa 6.1, don haka a bana rabin tan na farar ƙasa kawai muka watsa, a gefen tudu inda kuloba ke ƙin kamawa.